Ba Ya Zuwa Ko'ina

Tun daga nesa Shekara wanzami yake gane su. Mutum zai ɓullo ta lungun tsohuwar kasuwa yana tafiya sannu-sannu kamar mai neman allurar da ya yar, waya a hannu, zare biyu na saukowa daga kunnuwansa. Zai tsaya tsakiyar dandali ya ɗaga kai ya saki baki yana kallon ceɗiya, sai ka ce a garinsu ba a taɓa ganin itace ba. Ya ɗan jima a haka yana gyaɗa kai shi kaɗai. Daga nan sai ya waiga hagu, fuskarsa ta washe, ya nufo shi kai tsaye.

"Salamu alaikum. Kai ne Shekara?"

"Wa alaikumus salam. Ni ne."

"Allahu akbar! Ashe da gaske ne. Ga ka kuwa kan buzu, yadda aka ce!"

Na wannan safiyar wani ma'aikaci ne daga Damagaram, mai tumbi da ƙaton agogo, har da neman a ɗauke su hoto. Shekara ya ɗaga aska daga kan dattijon da yake yi wa aski, ya yi murmushin nan nasa da ba ya wuce leɓe. Baƙon ya mai da zaren kunnensa ya nufi filin Idi, yana bin muryar da ke yi masa jagora. Shi kuwa Shekara ya koma kan ƙeyar dattijo.

Muryar ta uban Shekara ce, Sarkin Aska Iliyasu, wanda ya rasu bara waccan.

Zulaiha ce ta jawo abin, ba da mugun nufi ba. 'Yar unguwarsu ce, ta gama jami'a a Damagaram ta dawo ta kama aiki a gidan rediyon gari. Ta lura tsofaffin Matameye suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya da labarin garin a cikinsu, sai ta zaɓi Sarkin Aska, tunda wanzami babu gidan da bai shiga ba, babu sunan da bai ci tuwonsa ba. Ta maƙala masa 'yar na'urar ɗaukar murya a wuyan riga, ta bi shi a baya suka zaga gari, dandali bayan dandali, yana magana kamar yana riƙe da hannun baƙo: bi nan, tsaya nan, duba can. Ta gyara, ta ajiye a gidan rediyo. Duk wanda ya zo gari yana son ya san shi, a tura masa a waya, ya toshe kunnuwa ya bi muryar, ba ya bukatar ɗan rakiya. Damina ba ta fita ba tsohon ya kwanta, bai tashi ba.

Shekara bai taɓa yarda ya saurari abin ba. Amma abin da aka faɗa a kansa ya haddace shi sarai, don baƙi sun sha maimaita masa suna dariya. In an iso gindin ceɗiya, sai tsohon ya ce: "A nan kakana ya yi aski, ubana ya yi, ni ma na yi. Yanzu duba hagunka. Ga ɗana Shekara nan kan buzu. Kowa ya tafi cin rani, shi yana nan, ba ya zuwa ko'ina. Je ka gaishe shi."

Ba ya zuwa ko'ina. Mutumin da ya ba wa arba'in baya, iyakar tafiyarsa Ɗan Barto, can ma kaciya ce ta kai shi. Ya ga shingen iyaka da idonsa, ya ga motoci suna ƙetarawa, ya juyo gida. Duk shekara da an ɗaure gero an zuba a rumbu, sa'o'insa sai su watse, wasu Kano, wasu Kaduna, wasu har Ikko, su dawo gab da shuka da sabuwar magana a baki da labarin gadoji da gidajen sama. Shi ma duk shekara sai ya durƙusa gaban ubansa ya nemi izini, duk shekara amsar ɗaya ce: "Bana tukuna. Wa zai riƙe mini zabira?" Ranar da tsohon ya cika, Shekara ya yi kuka kamar kowane ɗa, amma Allah ya yafe masa, a ƙasan kukan akwai wata 'yar iska mai sanyi da ke raɗa masa cewa ƙofa ta buɗe. Bai san an riga an kulle shi ta inda ba a buɗewa ba.

Ya gane haka ne ranar da ya je askin suna a Dungu. Da hantsi ya fita, da la'asar ya dawo. A tsakani wani mushe, wato malamin makarantar lakwal, ya kawo 'yan ajinsa dandali, ya kunna musu muryar a lasifika. Aka ce su duba hagu, suka duba, ba kowa. Wata yarinya mai tsinin baki ta ce, "Mushe, tsohon ya yi ƙarya." Kafin Shekara ya sauka daga kabu-kabu magana ta isa kunnen Goggo Baiwa, ƙanwar ubansa, ya kuwa tarar da ita zaune a zaurensa da sandarta.

"Shekara, ubanka ya yi zamansa a garin nan har ya tsufa, ba wanda ya taɓa kiransa maƙaryaci. Sai da ya shiga ƙasa, ba shi da bakin kare kansa, sannan za ka sa 'yan lakwal su faɗa masa?"

"Goggo, suna fa na je, ba yawo ba."

"Da ka tura wani. In mai rai ya yi magana, ana iya komawa a ce masa ya gyara. Wa za ka koma wa yanzu?"

Tun daga ranar, ko salla zai je sai ya bar buzu a shimfiɗe da zabira a kai, don in baƙo ya waiga ya ga alamar mai wurin bai yi nisa ba. Askin suna da kaciya na ƙauye ya bar wa wasu wanzamai. Ya san kowane reshe na ceɗiyar nan, ya san inda inuwa take kaiwa da azahar, ya san wane ƙadangare ne mai guntuwar jela. Ya tsani wurin, ya kuma tsani kansa da yake tsanarsa.

Da kaka ta kama, Lawwali ya zo aski. Abokinsa ne tun suna tsallake-tsallake a lambun rake, yanzu mai shayi ne a Fagge ta Kano, ga baki kamar reza. Ya miƙa kai, ya fara.

"Kai dai an san abin da aka gani aka sa maka Shekara. Tun a ciki ka ƙi fitowa sai da aka yi ta fama. To ka saurara. Wanzamin da ke bakin masallacinmu ya tsufa ya koma garinsu. Wurin na nan ba kowa. Mutanenmu na can rututu, kowa na neman mai yi masa ƙaho irin na gida. Na ce musu ina da mutum. Mota na tashi bayan Juma'a mai zuwa. Kar ka ce mini bana tukuna, mai faɗar haka ya tafi."

"Bai tafi ba," in ji Shekara. "Yana cikin waya."

"To a cire shi daga wayar mana! Ba mutum ba ce ta sa shi?"

Maganar ta yini tana yi masa yawo a kai. Da ya gaya wa matarsa Fadila, tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, ni dai ka je, ko na wata biyu ne. Wallahi na gaji da ganinka kana bin motoci da ido kamar akuyar da aka ɗaure bakin hanya."

Washegari ya bar buzu da zabira a gindin ceɗiya ya tafi gidan rediyo. Ya sami Zulaiha a wani ɗan ɗaki mai katifu manne a bango, ta tashi ta ba shi kujera. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi mutanen gida, ya yi maganar amfanin gona, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ba duka yake so a taɓa ba. Wurin da aka ambace shi kawai.

Ta dube shi. "Kawu Shekara, ka taɓa saurarensa kuwa?"

"Me zan saurara? Na haddace shi a bakin mutane."

"Cirewa ba wuya. Amma ni ba zan yanke maganar uba ba alhali ɗansa bai ji ta da kunnensa ba. Ga wayata. Ka je ƙofar masallacin Juma'a, daga nan ake farawa. Ka bi shi har ƙarshe kamar kowane baƙo. In ka dawo kana kan bakanka, zan cire a gabanka."

Haka Shekara, haifaffen Matameye, ya tsaya a filin ƙofar masallaci da zare biyu a kunne, masu sayar da goro suna taɓa juna. Wani ya ɗaga murya, "A'a, ɗan Sarki, yau kai ne baƙon?" Bai kula shi ba. Ya danna inda aka nuna masa.

"Bismillahi. Sannu da zuwa, baƙo. Ka sha ruwa? To in ka huta, mu je."

Ya dafa bango. Ya yi zaton magana kawai zai ji. Bai san har da numfashin ba, da jan takalmin, da ƙwanƙwasar sanda a ƙasa, da ɗan tarin nan da tsohon ke yi kafin ya faɗi abu mai muhimmanci. Ga mutum nan dab da kunnensa, har yana jin kamar zai shaƙi ƙamshin sabulun salo da taba gari.

Muryar ta ce ya juya baya ga masallaci ya kalli filin. Ya juya. Ta ba shi labarin yadda fatake suke sauke kaya a nan a zamanin kakanninsa, da inda ake ɗaure jakuna, da wani mai kalwa da ya taɓa yin faɗa da rabin gari a kan inuwa. Shekara ya taka filin nan sau ba adadi, bai taɓa jin ko ɗaya daga ciki ba. Ta ce ya bi lungun dama, ya bi.

"Bi a hankali, baƙo, akwai rami a nan gabanka."

An cike ramin tun bara. Duk da haka Shekara ya ratse.

Nan ne kishi ya kama shi, kishi na gaske, har ya ji kunya. Tun tasowarsa bai taɓa jin wannan muryar ba. Wadda ya sani ita ce mai cewa, riƙe askar da kyau, sakarai. Wasa ta kuma, wannan ko kabewa ba ta yankawa. Ashe tsohon yana da wata murya a ajiye, mai laushi, mai jira, mai cewa bi a hankali, ya kuma ɗauke ta ɗungum ya ba mutanen da bai taɓa gani ba.

Suka shiga filin tsohuwar kasuwa. "In ka yi sa'a za ka ji ƙamshin ƙosan Sadiyya daga kusurwar can." Sadiyya ta yi aure ta koma Dawce, murhunta ma an share. Suka isa bakin rijiya. "Leƙa, za ka ga fuskarka." An rufe rijiyar da siminti an kafa famfo, mata na layi da jarkoki suna kallonsa suna ƙunshe dariya. Suka ratsa dandalin da 'yan mata ke gaɗa a da, inda tsohon ya yi dariya ya ce a nan ya fara ganin uwar 'ya'yansa, yanzu rumfar cajin waya ce a wurin. Shekara ya lura da abu guda, ya kuma ƙara masa zafi. Rabin abin da muryar ke nunawa babu shi, ba kuwa wanda ya ce an ƙaryata mamaci. Rijiya ta tafi, Sadiyya ta tafi. Ita an ce in ka yi sa'a. Shi kaɗai aka yi wa rantsuwa a kai.

Sai ga shi ya ɓullo ta lungun da baƙi ke ɓullowa. Bai taɓa ganin ceɗiyar daga wannan gefen ba. Ashe ƙatuwa ce haka, ashe tana da kyau. Ya tsinci kansa tsaye a tsakiyar dandali, kai a sama, baki a sake, daidai yadda yake yi wa mutane dariya a zuci.

"Yanzu duba hagunka."

Ya duba. Buzu ne a shimfiɗe, da zabira a kai, da 'yar butar ruwa. Daga nan wurin ɗan mitsitsi ne, ko kwanciyar mutum ɗaya bai kai ba. A nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa.

"Ga ɗana Shekara nan kan buzu."

Kalmomin ya sani. Abin da baƙi ba su iya kawo masa ba shi ne yadda aka faɗe su. Tsohon ya ja "ɗana" ɗin a hankali, da wani ɗagin murya irin na mai nuna wa baƙo rumbunsa a shekarar da aka yi albarka. Bayan "je ka gaishe shi" sai ya yi shiru, ya ba baƙo lokacin gaisuwa. A cikin shirun Shekara ya ji numfashin ubansa, can nesa kuma ya ji wani sauti da ya sani, kyas, kyas, kyas. Shi ne da kansa, a ranar da aka yi ɗaukar, yana wasa aska a fata, bai ma ɗago ya kalle su ba.

"To, kun gaisa? Mu wuce."

Bai wuce ba. Ya cire zaren daga kunnensa, ya tsaya har hawayen suka bushe da kansu. Ya so ubansa a wannan tsayuwar fiye da yadda ya taɓa sonsa yana raye, ya kuma ji haushinsa fiye da kullum. Ya kalli buzun, ya kalli titin da ya miƙe kudu. Sannan ya koma gidan rediyo.

"Cire," ya ce.

Zulaiha ba ta yi gardama ba. Ta buɗe ordinatar, wato kwamfuta, muryar tsohon ta bayyana a gilashi kamar haƙoran matsefi, wasu dogaye wasu gajeru. Ta shafa wa wani yanki launi, ta ce, "Daga nan zuwa nan, kai ne, Kawu." Ta danna. Haƙoran da ke dama suka matso suka haɗe da na hagu. Ta kunna masa ya ji: "...ubana ya yi, ni ma na yi. Mu wuce." Shekara wanzami ne, ya san yanka mai kyau in ya gani. Wannan ko tabo bai bari ba.

Kafin Juma'a wasu 'yan mata biyu 'yan jami'a suka zo da sabuwar muryar. Suka tsaya, suka kalli ceɗiya, suka ɗauke ta hoto, suka wuce ta gabansa kamar sun wuce turmi. Abin ya yi masa zafi, ya ce wa kansa ai abin da ya roƙa ke nan. Da ya miƙe don zuwa salla, karon farko ya naɗe buzunsa ya tafi da shi, ya ji kafaɗunsa sakayau. Goggo Baiwa ta ce tunda an cire ba ta da ta cewa, sai dai ba ta sa albarka ba. Fadila ta daka masa ƙuli-ƙuli da yaji, ta wanke masa riguna, tana waƙa ƙasa-ƙasa.

Ranar tafiya, da hantsi, motar ta cika maƙil a tasha, buhuna da katifu ɗaure a sama. Duk mutanen gari ne, 'yan cin rani. Shekara ya samu wuri a tsakiya kusa da Lawwali, zabira a cinya. A gaba kusa da direba Alhaji Mahamadu ne, dattijon tafiyar, mai sayar da turare, wanda ya fara zuwa Kano tun Shekara na goye. Aka yi addu'a aka shafa. Mota ta tashi.

Maimakon ta hau babban titi, sai direba ya karya kan mota ya nufi cikin gari. Alhaji Mahamadu ya zaro ɗan katin waya daga aljihu ya miƙa masa.

"Sa mana Sarki."

Shekara ya ji jikin Lawwali ya sandare a gefensa. "Inna lillahi," in ji Lawwali a hankali. "Wallahi na manta da wannan."

Abin da Shekara bai sani ba, kuma ba wanda ya taɓa tunanin gaya masa, shi ne muryar ubansa ta daɗe da barin gidan rediyo. Tun shekarar farko wani ya kwafe ta ya tura wa wani, daga waya zuwa waya, daga kati zuwa kati, har ta zama guzurin 'yan cin rani. Sun mai da ita al'ada: ranar tashi sai mota ta bi ta tsohuwar kasuwa a hankali, tsohon na yi musu bankwana da garinsu. Ya sha ganin motoci suna rage gudu a gabansa ana ɗago masa hannu ta taga. Shi a zatonsa tsiya suke yi masa. Almakashin Zulaiha kuwa bai kai kan katin Alhaji ba.

Muryar ta cika motar. Hira ta mutu. Manyan mutane masu gemu suka yi tsit, wasu leɓunansu na motsi suna bin maganar kamar karatu. Aka ambaci ƙosan Sadiyya, wani ya yi ajiyar zuciya. Direba na jan motar kamar mai tafiya da ƙafa, ya san daidai inda zai kai kowace magana. Ceɗiya ta bayyana.

"Yanzu duba hagunka."

Kawunan da ke motar gaba ɗaya suka juya hagu, ba wanda ya yi shawara da wani. Wasu har sun fara ɗaga hannu. Ƙasa ce a share, da sawun tsintsiya, da wata akuya kwance a daidai wurin buzu tana tuƙa.

"Ga ɗana Shekara nan kan buzu. Kowa ya tafi cin rani, shi yana nan, ba ya zuwa ko'ina."

Hannuwan suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya kalle shi, da ma sun kalle shi da ya fi sauƙi. Shirun gaisuwa ya zo, sautin wasa aska na fita ta lasifikar mota, kyas, kyas. Wani a baya ya yi gyaran murya. Alhaji Mahamadu ya miƙa hannu ya rage ƙarar, ya yi magana idonsa na kan gilashin gaba.

"A ɗakinmu na Fagge, in zaman ya ishe mu, ita muke kunnawa. Kowa ya kwanta ya rufe ido, mu zaga gari. Ni dai in aka zo nan sai in ji hankalina ya kwanta. In ce ko me ya canza, ko wa ya mutu ban nan, akwai mutum ɗaya da ke zaune inda muka bar shi." Sannan ya ƙara da murya mai taushi, ba zargi a cikinta ko kaɗan. "Ba komai, ɗan Sarki. Kai ma mutum ne. Sai mu riƙa tsallake wurin."

Motar ta fara ƙara gudu. Shekara ya ga ƙarshen dandali na matsowa, bayansa titin kudu, da Ɗan Barto, da duk abin da ke bayan shingen nan. Ya ƙanƙame zabira har yatsunsa suka yi zafi. Ya yi ƙoƙarin hango kansa a bakin masallacin Fagge, sai ya hango ɗaki cike da mutanen garinsu kwance ido rufe, an zo gindin ceɗiya, wani ya miƙa hannu ya tura muryar ubansa gaba, shi kuma yana kwance a cikinsu.

"Direba, tsaya."

Lawwali ya damƙe masa hannu. "Kar ka yi haka. Ka ji tsoron Allah, Shekara. Wallahi in ka sauka yau, ba za ka ƙara hawa ba."

"Na sani."

"To zauna mana! Su nemi wani abin kallon!"

"Sake ni, Lawwali."

Ya jira ko wani zai sa baki, ko mutum ɗaya ya ce haba, a bar shi ya je ya ga duniya. Ba wanda ya ce. Aka matsa masa hanya da sauri, gwiwoyi na kaucewa tun bai miƙe ba. Wani matashi ya haye saman mota ya kwance jakarsa ya miƙo, ba a ko yi laluben ta ba. Da ya taka ƙasa ya waiwaya, ya ga fuskokinsu ta taga, sun saki, sun yi haske kamar na mutanen da aka sauke wa kaya. Lawwali kaɗai ya juya kai gefe.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan Sarki!" in ji Alhaji Mahamadu. "Mun bar maka gari amana!"

Motar ta tashi, hannuwa na kaɗawa ta kowace taga. Shekara bai ɗaga nasa ba. Ya tsaya a bakin hanya da jaka a hannu ɗaya, zabira a ɗayan, har ƙarar injin ta ɓace. Baƙin ciki ya cika masa ciki, bai kuma san wa zai ɗora wa ba, don duk cikinsu ba wanda ya yi masa komai sai ƙauna. Ya taka ya koma gindin ceɗiya, ya tsaya a kan akuyar. Ta ɗago ta dube shi, ba ta da niyyar tashi.

"Tashi," ya ce mata. "Wurina ne."